Ruwan Zinare da Haƙoran 'Yar Iya

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku je ku tambayi kowane tsoho daga Funtuwa har Malumfashi, zai gaya muku ba a taɓa yin disfensa mai ido irin nawa ba. Lokacin da nake kan ganiyata, in mutum ya doso daga ƙofar asibiti, kafin ya tuɓe takalmi na riga na san abin da ke damunsa. In dubi tafiyar wannan in ce tsutsar ciki ce, in dubi zaman wancan in ce basir ne, in dubi na uku in ce lafiyarsa lau, noma yake gudu. Har nakan ce da ana ba da aron ido, da Turawa ba su wahalar da kansu wajen ƙera injin ɗaukar hoton ƙirji ba. Da wannan ido nake tinƙaho har zuwa ranar da muka je duba 'yan makaranta, ranar da ban manta da ita ba, kuma ba na jin zan manta ko da tsufa ya kwashe sauran.

Abin ya faru wajen shekara biyar bayan samun 'yancin kai, a wani ɗan asibiti da ke cikin ƙasar noma tsakanin Bakori da Kafur. Ba zan faɗi sunan garin ba, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma wasunsu har yau ba sa son a sa su dariya a cikin mutane. Tsarin aikinmu mai sauƙi ne. Likita ɗaya ne, shi ke duba mara lafiya ya rubuta magani a kati. Ƙarƙashinsa akwai nas biyu da ungozoma da mai wankin miki. Ni ne disfensa, wato wanda ake miƙo wa katin ta taga, in karanta, in auna magani in zuba a kwalba, in yi wa mutum bayanin yadda zai sha. Doka ba ta ba ni ikon rubutawa ba, amma ba ta hana ni surutu ba, kuma na ci moriyar wannan dama sosai.

Likitanmu Bayarabe ne haifaffen Sabon Garin Zariya, don haka kowa Ɗanzariya yake ce masa, in ba a gabansa ba. Hausa ta fi Yarabanci zama a bakinsa, goro kuwa ya fi ni ci. Ya daɗe a garin har ya zama likitan gida-gida: shi ya ga haihuwar yaro, shi ya san ciwon uwarsa, shi ya yi jinyar kakansa. Ko ba kati, in ya gamu da yaro a hanya zai gaya maka lokacin da ya yi ƙyanda da abin da ya ba shi. Mutumin kirki ne ƙwarai. Sai dai in hannunsa ya saba da magani, to sun ɗaura aure ke nan, kuma ba saki.

Uwargida a cikin magungunan nasa wani ruwa ne rawaya mai zaƙi da ake ba yara. Sunansa na asibiti tetirasaikilin, amma ba mai wahalar da harshensa, mu dai ruwan zinare muke ce masa. Kuma gaskiya magani ne, kada ku ji kamar na kushe shi. Na ga yaron da ciwon haƙarƙari ya kai bakin kabari, ruwan nan ya jawo shi baya. Matsalar ita ce ba ya zuwa da yawa. In kaya suka iso daga tashar jirgin Funtuwa, kwalabensa ba sa cika kwali. To, ku da kanku kun san inda abu mai kyau kuma kaɗan yake gangarawa: gidan malamin hakimi, gidajen alhazan da ke sayen auduga, gidan likita, gidan disfensa. Ba wai likita ya zauna ya tsara haka ba ne. Waɗannan su ne ke kawo yaro da zarar ya yi atishawa, kuma su ake jin nauyin a sallama da ɗan abu. Maguzawan ƙauyukan kewaye kuwa, sai ciwo ya fi ƙarfin sassaƙe da saiwa suke zuwa, kuma sau da yawa sukan tarar zinare ya ƙare. In cika musu kwalba da jan ruwan tarin da nake haɗawa da hannuna, in raka su da wasa har bakin ƙofa.

Da yamma kuma in zauna a majalisa ina cewa yaran gidana zinare suke sha kamar koko.

Yara biyu gare ni a lokacin. Ƙaramin, Habu, yana goye. Babbar kuwa 'yar fari ce, tana aji ɗaya. Mutane Lami suke ce mata. Ni dai 'yar Iya nake cewa, don tun da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, a sashenta ta girma. Ga waɗanda suka tashi a birni sai in yi bayani: a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya ma zuba masa ido. In ta zo gaishe ni da safe ta durƙusa daga nesa, ni kuma in amsa ina kallon bango, kamar bangon ne ya gaishe ni. Amma magani kam ban yi mata kunyarsa ba. Tun tana jaririya, in Iya ta ce jikinta da ɗumi, in ruga wajen likita, ya rubuta, in auna, in aika.

A shekarar nan ta yi famfara, haƙoran nono suka zube, na girma suka fara fitowa. Sai na riƙa jin Iya tana faɗa ta bayan zana, wai yarinya ta koyi satar goro, ga shaida nan a haƙoranta, in an tambaye ta kuma ta hau rantsuwa. Iya ta sauya wa kwanon goronta maɓoya har ita kanta ta fara mantawa inda ta sa shi. Ta dirje bakin yarinyar da gawayi, ta dirje da toka, ta sa bulala. Da aka kawo mini ƙara na ce ai jikar Iya ce, in ba ta ci goro ba wa zai ci? Aka yi dariya, na wuce. Na kuma lura ta gefen ido cewa yarinyar ta fara rufe baki da hannu in za ta yi magana. Wannan ma na kai shi majalisa, na ce ku zo gidana ku ga tarbiyya.

Sai maganar takardar likitoci. Gidan waya kan kawo wa likita wata mujalla daga ƙasar waje, wadda likitoci ke rubuta abin da suka bincika suka gano. Yakan karanta ta bayan an tashi aiki, ƙafa bisa tebur, goro a kunci. Tun kafin damina ta faɗi, wata rana ya kira ni ya ce in zo in ji abin dariya. Wai likitocin can sun lura ruwan zinare yana shiga haƙorin yaro tun haƙorin yana cikin dasashi bai fito ba, ya rina shi, in ya fito ya fito rawaya, daga baya ya koma ruwan ƙasa, kuma ba abin da ke wanke shi. Wai a daina ba ƙananan yara da mata masu ciki sai in ba makawa. Likita ya ce mutanen da zazzaɓi ba ya kashe musu yara dole su sami lokacin leƙa haƙori. Ya ce shi shekara da shekaru yana ba da shi bai ga komai ba, kuma a ƙasar da mata ke goga fure a haƙori don ado, maza na taunar goro tun asuba, wa zai zo ya ce masa magani ne ya rina baki? Ni kuma na ƙara gishiri. Na ce ai ko gaskiya ne riba ce, alhazai sai sun je Makka ake sa musu haƙorin zinare, mu ga shi muna rabawa a cokali. Ya yi dariya har ya ƙware. Daga baya mujallar ta sake kawo maganar. Ya sake karantawa, wannan karon bai kira ni ba. Amma hannunsa bai sauya ba.

Ranar da nake ba ku labari ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai, hanya duk caɓi. Da safe maiɗakina Hajara ta kawo Habu, yana tari, hanci na zuba. Likita ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, ya ɗan yi jim, ya dube ni ina tsaye a bakin ƙofa ina murmushi, ya rubuta zinare. Na auna da kaina, na cika kwalbar har wuya, na ce ta fara ba shi in ya tashi daga barcin hantsi. Ta tafi gida, mu kuma muka ɗauki jaka muka nufi makarantar firamare.

Duba 'yan makaranta aiki ne na shekara-shekara. A jera yara a inuwa, likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya duba kai ko akwai makero, ya duba hannu ko akwai ƙazwa, ya ja fatar ido, ya taɓa ciki ko saifa ta kumbura, a ƙarshe ya ce a buɗe baki. Aikina in riƙe kwanon ruwan wanke hannu, in kuma sa yara dariya don kada su tsere. A wannan fannin ko likita ya san ni ne babba.

Da manyan azuzuwa muka fara, ba mu ga wani abin tashin hankali ba. Da muka zo aji ɗaya, masu giɓi da sababbin haƙora, na ce kowa ya yi mini dariyar kura. Suka washe baki gaba ɗaya.

Na farko a layi ɗan wani alhaji ne mai sayen auduga. Haƙoransa na gaba sun fito manya, rawaya kamar garin ɗorawa. Likita ya ce masa ya rage cin goro, ya wuce. Na biyu wani yaron Maguzawa ne mai suna Nomau, da ke tahowa daga ƙauye a ƙafa. Na san ubansa, na sha sallamarsa da jan ruwa. Haƙoran yaron fari tas kamar audugar da ta buɗe yau. Ta uku 'yar malamin hakimi ce, rawaya. Ita likita bai ce mata goro ba. Ya sa babban yatsa ya goga, ya duba yatsan, ya sake gogawa. Ya nemi auduga da ruwa ya dirza har yarinyar ta fara hawaye. Launin ba a saman haƙorin yake ba, a cikinsa yake, da wani zane a kwance kamar na jikin ƙwarya.

Taunar goron da yake yi ta tsaya. Wannan ne ya fara ba ni tsoro, don ban taɓa ganin muƙamuƙin mutumin nan a tsaye ba.

Ya koma farkon layi. Bai tambayi kowa komai ba, sai ya fara kama yara a kafaɗa yana ware su, wannan dama, wannan hagu. Abin mamakin shi ne tun kafin yaro ya buɗe baki yake ware shi. Fuska kawai yake dubawa, ya tuna gidansu, ya tuna abin da ya rubuta. Ina jin sa yana magana ƙasa-ƙasa: wannan na ba shi lokacin ƙyanda, wannan duk damina sai na ba ta, wannan ban taɓa ganinsa a asibiti ba. Da ya gama sai ya ce na hagu su buɗe baki. Yawancinsu 'ya'yan Maguzawa ne da na talakawan bayan gari, wasu da ƙazwa, wasu ciki a kumbure, amma bakin nan kamar an zuba nono. Ya juya dama. Akwai waɗanda suka tsira, amma mafi yawansu, 'ya'yan masu takalmi, baki ya rine, wani kaɗan wani da yawa, gwargwadon yadda ubansa yake da fada a asibiti.

Hedimasta ya matso yana tambaya ko wata annoba ce ta shigo.

A cikin na dama akwai ɗan likitan kansa, wanda gari ke kira Ɗanlikita. Uban ya durƙusa a gabansa cikin caɓi da farin wandonsa, ya riƙe haɓarsa, ya daɗe yana kallo. Ashe shi ma a gidansa an sha faɗa a kan goro, har likita ya daina barin goro a aljihun rigar da yake ratayewa.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam Audu, an rubuto mini na karanta. An sake rubutowa na sake karantawa."

Ni har na buɗe baki zan saki wani barkwancin, don ban iya shiru ba, sai na hango saura yarinya ɗaya a ƙarshen layin dama, hannu a kan baki, kai a sunkuye. Na kau da kai yadda na saba. Likita ya ce in zo in duba wannan. Na ce ai Likita ka san al'ada, 'yar fari ce.

Ya ce, "Ba uba na kira ba, disfensa na kira. Zo."

Na je. Ya sauke hannunta a hankali. Jama'a, na ga miki iri-iri a aikin nan, na ga ƙafar da gatari ya raba biyu, amma ban taɓa ganin abin da ya kai na ranar ba. Duk layin ba wanda ya kai ta. Na wasu rawaya ne, nata har ya fara komawa ruwan ƙasa kamar ƙwaryar da ta sha hayaƙi, dasashin kuma ya yi ja ya farfashe saboda dirzar gawayi. Kuma wannan ne karo na farko da na kalli fuskar 'yata sosai tun ranar suna. Ashe kama take da ni. Ta ɗago ido ta ce da ƙaramar murya, "Baba, wallahi ban ci goron Iya ba."

Kwanon ruwan ya suɓuce daga hannuna.

Likita ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya miƙe ya ce, "Kwalbar da na rubuta wa Habu da safe tana ina?"

Na kwasa da gudu. Keken hedimasta na jingine a gindin bishiya, na haye shi ban nemi izini ba. Ku da kuka san ni da wannan tumbin, a lokacin ma akwai shi, bai dai kai haka ba. Amma ranar nan na wuce wata motar kasuwa a hanya har direban ya leƙo yana tambayar wane kamfani ne ya ƙera ni. Na yanke ta cikin gonar dawa, zabi suka watse, wani jaki ya ba ni hanya don girmamawa. Hulata ta maƙale a ƙaya, ban sake ganinta ba sai a kan wani makiyayi bayan sallah. A rafin da ke bayan gari keken ya ce iyakarsa ke nan, na bar shi a tsaye cikin laka, na ƙarasa da ƙafa, takalmi ɗaya.

Na faɗa gida ba sallama. Hajara tana zaune a tabarma, Habu a cinya, ta riƙe masa kumatu, cokali cike a ɗaya hannun. Na ce ta tsaya. Ta tsaya, ba don ta ji maganata ba, sai don ba ta taɓa ganina da rana ba hula ba.

Nan fa aka shiga rigimar da ban yi tsammani ba. Na yi mata bayani ina haki, ta saurara har ƙarshe, sannan ta mayar da kwalbar bayanta. Ta ce ba ni ne kullum nake cewa ba a taɓa yin magani kamar wannan ba? Ba shi ne ya tashi Lami ba, lokacin da numfashinta ke fita da ƙyar har an fara kiran maƙwabta? Ta ce ita ta binne ɗa a tsakanin Lami da Habu, ba ta shirya binne wani saboda farin haƙori ba. Iya ta fito da jin hayaniya ta goyi bayan surukarta, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidan. Ni da nake iya sayar wa masunci ruwa da bakina, sai ga tsoron ya shige ni ni ma. In Hajara ce ke da gaskiya fa?

Muna cikin haka likita ya iso da motarsa ta doguwar hanya, da Lami a ciki. Ya yi sallama, na shigo da shi, ya zauna a bakin tabarma, wando duk laka. Hajara ta ja mayafi, kwalbar na nan a hannunta, ta ce, "Likita, haƙori ko rai?"

Ya ce, "In tsakaninsu ne za a zaɓa, rai, kuma da hannuna zan ɗura masa. Kawo shi in sake dubawa."

Ya daɗe yana sauraren ƙirjin yaron gaba da baya, ya lura da numfashinsa, ya leƙa kunne da maƙogwaro, dubawar da ta safe ba ta kai rabinta ba. Sannan ya ce mura ce kawai, ƙirjin fes yake. A ba shi nono, a share masa hanci, a kiyaye shi daga sanyi, zai warke da kansa. In kuma ta sauka ƙirji akwai allurar fenisilin, ita ba ruwanta da haƙori, kuma shi da kansa zai riƙa zuwa kullum yana dubawa. Hajara ta tambaye shi, to in mura ce, me ya sa ya rubuta da safe? Na ɗauka zai kawo wata hujja irin ta likitoci. Sai ya ce tun da safen ya ji ƙirjin lafiya lau. Ya rubuta ne don hannunsa ya saba, kuma don mijinta na tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, ya ji nauyin ya sallami ɗan disfensa hannu wofi. Ya ce cikin duk shan da Lami ta yi, sau ɗaya ne take buƙatarsa da gaske, wancan na numfashi. Sauran duk kara ce da sabo.

Hajara ta miƙa masa kwalbar. Iya kuwa ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da bulalar nan, ta karya ta cusa a murhu. Sannan ta jawo Lami, ƙatuwar yarinya, ta ɗora ta a cinya tana shafa kanta, ba ta sauke ta ba sai da aka kira la'asar.

Habu ya ci gaba da tarinsa na wasu kwanaki, ni kuma na yi su ba barkwanci, Hajara na bina da ido duk inda na juya. Likita bai fasa zuwa ba. Mura ta gama kwananta ta tafi. Da yaron ya girma ya yi famfara, haƙoransa suka fito farare, yanzu in ya yi dariya a Bakori ana hango hasken daga Tsiga.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Washegari cikin katunan farko da suka zo tagata akwai na wani jariri mai zawo, kuma zinare ne a rubuce. Na ɗauka na kai masa. Ya kalli rubutun kamar wani ne ya yi, ya ce wallahi bai san lokacin da hannun ya rubuta ba. Daga nan ya kafa mini doka: duk katin ƙaramin yaro ko mai ciki da ya zo da ruwan zinare, kada in auna, in mayar masa ya sake tunani. Watannin farko na yi zirga-zirga tsakanin taga da ofishinsa har wandona ya yi mini yawa. Wani lokaci ya soke, wani lokaci ya ce a'a, wannan da sanina na rubuta, ba shi. Manya kuwa ya ci gaba da ba su, don su haƙoransu sun riga sun gama ginuwa.

Mutanen gari ma ba su taya shi ba. Alhajin nan mai auduga, da aka hana jaririnsa zinare, ya ce likita ya fara rowa, ya tura Funtuwa aka sayo masa a kanti. Likita ya gamu da wani abokin karatunsa a Zariya ya ba shi labari, shi kuma ya yi irin dariyar da muka yi, ya ce goro ne. Da ya dawo ya gaya mini, na fara zagin mutumin, ya ce in ƙyale shi, bai jera nasa yaran a inuwa ba tukuna.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne takarda kan iso teburin likita da wuri, amma daga tebur zuwa hannunsa tafiya ce mai nisa, kuma namu sai da ta bi ta bakin ɗansa. Mutumin nan ba jahili ba ne, ba kuma mugu ba ne. Mai sabo ne, mai jin nauyin mutane, kamar ni da ku. In kun ji ma'aikacin asibiti ya ce bai taɓa ganin abu ba, ku tambaye shi ko ya taɓa dubawa. In an rubuto muku sabon abu, kafin ku yi dariya ku fita ku leƙa bakin yaran da ke gabanku. In kuma ɗanku ne ba lafiya, ku miƙa shi ku bar wurin, kada ku tsaya a bakin ƙofa kuna murmushi.

Lami ta girma, ta yi aure a Malumfashi. Tun ranar nan na daina yi mata kunya, sunanta nake kira, duk da dattawa sun yi ta ƙorafi. Haƙoran suna nan yadda suke. Har yau in na saki barkwanci kowa ya washe baki, ita sai ta ɗora hannu. Duk cikin masu saurarona ita kaɗai ce ban taɓa ganin dariyarta ba.

Amma kun san mai hali irin nawa ba ya daɗewa a shiru. A shekarar da abin ya faru, da kaka ta yi, uban Nomau ya shigo gari da sabuwar dawa, ya biyo ta ƙofar gidana mu gaisa. Tun yana nesa na ga yana ɗingishi, tsohon halin ya motsa. Na ɗaga murya don majalisa ta ji, na ce tsaya nan, kada ka faɗa mini, ciwon kwankwaso ne, idona ba ya kuskure. Mutumin ya ce a'a, ƙaya ce ya taka a hanya. Kafin in nemo abin karewa, sai muryar Iya ta fito ta bayan zana, a hankali, kamar mai tambayar abin da ya daɗe yana damunta.

"Audu, wai idon nan naka mai hango ciwo daga ƙofa, a asibiti kake barinsa in an tashi aiki? Don mu nan gidan ba mu taɓa ganinsa ba."